Kujerar da Ba a Sauka: Rikicin Tabbatar da Alƙalan Kotun Ƙolin Amurka

A shekarar 1986 majalisar dattawan Amurka ta tabbatar da Antonin Scalia a matsayin alƙalin Kotun Ƙoli da ƙuri'a 98, ba a samu ko sanata ɗaya da ya ce a'a ba. Bayan shekara bakwai Ruth Bader Ginsburg ta samu 96, mutum uku kacal suka ƙi ta. Scalia ɗan ra'ayin riƙau ne na gasken gaske, ita kuwa Ginsburg lauyar kare haƙƙin mata ce da kowa ya san inda ta sa gaba, amma dukansu suka wuce salin alin. Zo ka ga na baya-bayan nan. Brett Kavanaugh a 2018 da ƙyar ya sha, 50 da 48. Amy Coney Barrett a 2020 ta samu 52 da 48, babu ƙuri'ar ɗan jam'iyyar Democrat ko ɗaya a ciki. Ketanji Brown Jackson a 2022 ta samu 53 da 47, 'yan Republican uku ne kawai suka mara mata baya.

Masu sharhi in sun jera waɗannan alƙaluma sai su girgiza kai, su ce siyasa ta kutsa cikin harkar shari'a ta ɓata ta, a koma yadda ake a da. Ni ban ga wannan "da" ɗin da suke kewa ba. Kundin tsarin mulkin Amurka da kansa ne ya danƙa aikin a hannun 'yan siyasa: shugaban ƙasa ya ba da suna, majalisar dattawa ta ba da shawara ta kuma amince. Wanda ya miƙa wa sanatoci ɗari wuƙa da nama, bai kamata ya yi mamaki ba in ya ga suna yanka ta inda ya fi musu daɗi. Abin da ke damuna daban ne. Kowa a zauren nan siyasa yake yi, amma kowa yana rantsuwa ba ita yake yi ba, kuma wannan ɓoye-ɓoyen ne ya haifi mafi munin abubuwan da ake gani.

Tun farkon kafa ƙasar ake wannan dambe. A 1795 George Washington da kansa ya miƙa sunan John Rutledge don zama Alƙalin Alƙalai, majalisa ta yi watsi da shi da ƙuri'a 14 da 10, saboda wani jawabi mai zafi da ya yi yana sukar yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da Ingila. A 1916 an shafe wata huɗu ana ja-in-ja a kan Louis Brandeis, Bayahude na farko da ya hau kujerar. A 1930 ƙungiyoyin ƙwadago da ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata suka haɗa kai suka kayar da John Parker, 41 da 39. Richard Nixon ya ga an kayar masa da mutum biyu a jere, Clement Haynsworth a 1969 da Harrold Carswell a 1970. Hatta ita 98 ɗin Scalia tana da bayani. A ranar da aka tabbatar da shi aka tabbatar da William Rehnquist a matsayin Alƙalin Alƙalai, kuma a kansa 'yan adawa suka sauke duk fushinsu, sanata 33 suka ƙi shi. Shigar Scalia kuma ba ta sauya rinjayen kotun ba. Ginsburg ma sai da Bill Clinton ya tuntuɓi Orrin Hatch, babban ɗan Republican a kwamitin shari'a, kafin ya ambaci sunanta. Ashe zaman lafiyar ma ciniki ne ya kawo shi.

Inda labarin zamaninmu ya soma shi ne 1987, da Robert Bork. Kujerar da ta faɗi ta Lewis Powell ce, alƙalin da ke tsakiya, wanda duk ɓangaren da ya karkata shi ke rinjaye. Ronald Reagan ya ɗauko Bork, malamin shari'a mai kaifin basira wanda ya shafe shekaru yana rubuta ra'ayinsa ba tare da rufa-rufa ba. A 1963 ya soki shirin dokar da za ta hana masu otal da gidajen abinci korar baƙar fata. Ya soki hukuncin 1965 da ya ce ma'aurata suna da 'yancin sirri a kan maganin tsarin iyali, yana cewa bai ga inda tsarin mulki ya rubuta hakan ba. Shi ne kuma jami'in da ya aiwatar da umarnin Nixon na korar mai bincike Archibald Cox a 1973, lokacin badaƙalar Watergate. A ranar da aka sanar da sunansa Sanata Ted Kennedy ya miƙe a zauren majalisa ya zana wata Amurka mai ban tsoro da ya ce Bork zai kawo. Jawabin yana da ƙarin gishiri, wannan ba a musu. Amma da aka zo zaman kwamiti, wanda Joe Biden ke shugabanta, Bork ya zauna kwana biyar yana amsa tambayoyi dalla-dalla, yana jayayya da sanatoci kamar malami a aji. Aka kayar da shi 58 da 42, har da 'yan Republican shida, jam'iyyar Reagan, cikin masu ƙin.

'Yan ra'ayin riƙau har gobe suna ɗaukar wannan a matsayin zaluncin da ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya. A ganina wannan zaman ne mafi gaskiya da aka taɓa yi. An tambayi mutum yadda yake karanta tsarin mulki, ya faɗa, wakilan jama'a suka auna suka ce ba su so. Reagan ya kawo Anthony Kennedy, majalisar da ke hannun 'yan adawa ta tabbatar da shi 97 ba hamayya. Shawara da amincewa ke nan kamar yadda aka rubuta.

Sai dai darasin da na baya suka ɗauka shi ne baki shi ke yanka wuya. Daga Bork zuwa yau, duk wanda aka ambaci sunansa sai Fadar White House ta killace shi makonni ana yi masa atisaye, lauyoyi suna kwaikwayon sanatoci suna jifansa da tambayoyi, har ya ƙware wajen yin dogon bayani ba tare da ya ce komai ba. Akan haɗa shi da wani tsohon sanata ya riƙa zagayawa da shi ofis-ofis ana gaisawa ana ɗaukar hoto. In ranar ta zo, sai ya zauna shi kaɗai a kan tebur, masu ɗaukar hoto tsugune a gabansa, iyalinsa a jere a bayansa. Kowane sanata ɗan kwamiti yana da minti 30 a zagayen farko, mafi yawansu kuma sukan cinye rabin lokacin suna jawabi ga kyamara. In an tambaye shi batun zubar da ciki ko mallakar bindiga ko ikon shugaban ƙasa, amsa ɗaya ce: wannan magana tana iya zuwa gaban kotu, bai dace in ce komai ba. A 2020 Sanata John Cornyn ya ce wa Barrett ta nuna abin da take dubawa tana amsa tambayoyi, ta ɗaga ɗan littafin rubutun da ke gabanta, fari fat, babu komai sai tambarin majalisa. Aka yi dariya, magoya bayanta suka yaba da ƙwaƙwalwarta. Ta cancanci yabon, amma wanda aikinsa ƙin amsawa ne ba ya buƙatar takarda. Elena Kagan tun tana malamar jami'a a 1995 ta rubuta cewa waɗannan zaman sun zama wasan kwaikwayo marar kan gado. Da nata ya zo a 2010, ita ma hanyar ta bi.

John Roberts a 2005, lokacin da ake tantance shi don zama Alƙalin Alƙalai, ya kamanta aikin alƙali da na alƙalin wasa, wanda ba ya buga ƙwallo, nasa kawai ya faɗi abin da doka ta ce. Magana ce mai daɗin ji. Amma da haka ne, me zai sa ƙungiyoyi su zuba miliyoyin daloli a tallan talabijin don a tabbatar da wane ko a kayar da wance? Me zai sa Donald Trump a watan Mayun 2016 ya fitar da jerin sunaye 11 da ya ce daga cikinsu zai zaɓa, jerin da aka tsara da taimakon cibiyoyin lauyoyin ra'ayin riƙau? Shari'o'in da ke kaiwa Kotun Ƙoli su ne waɗanda ƙwararrun alƙalai na ƙasa suka rabu a kansu, inda rubutun doka bai yanke magana ba. A nan fahimtar alƙali ce ke aiki, kuma kowa ya san haka. Shi ya sa da kotun ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki, a ranar 24 ga Yunin 2022, Sanata Susan Collins ta fito tana cewa abin ya saɓa da abin da Neil Gorsuch da Kavanaugh, alƙalan da Trump ya naɗa, suka nuna mata kafin a tabbatar da su. In ka koma ka karanta kalamansu a gaban kwamiti, sun ce hukunci ne da ya kafu kuma ya cancanci girmamawa. Ba su ce ba za su taɓa shi ba. An horar da su su faɗi abin da kowa zai ji abin da yake so ya ji.

To, idan an toshe hanyar muhawara a kan ra'ayi, kuma sanata yana jin kunyar ya ce na ƙi wannan mutum don ban yarda da fahimtarsa ba, rikicin ba ya mutuwa. Komawa yake wasu wurare biyu: rayuwar mutumin, da kalanda.

Na farkon ya fi wuyar magana, domin akwai mutane na gaske a ciki. A 1991 Anita Hill, malamar shari'a, ta shaida cewa Clarence Thomas ya riƙa damunta da maganganun batsa lokacin da take aiki a ƙarƙashinsa. Ya musanta da kakkausar murya, aka tabbatar da shi 52 da 48. A 27 ga Satumban 2018 Christine Blasey Ford ta zauna gaban kwamitin ta ce Kavanaugh ya yi yunƙurin cin zarafinta tun suna makarantar sakandare. Shi ma ya musanta cikin fushi da hawaye. Ba zan yanke hukunci a kan abin da ya faru a ɗakunan da ban shiga ba. Abin da zan iya aunawa shi ne yadda majalisa ta riƙe maganar, kuma sau biyun ta gaza. A 1991 akwai matan da suka shirya ba da shaida amma ba a kira su a bainar jama'a ba. A 2018 wasiƙar Ford tana hannun 'yar Democrat Sanata Dianne Feinstein tun ƙarshen Yuli, ba ta fito ba sai tsakiyar Satumba, bayan an kammala zaman tantancewa. Da Sanata Jeff Flake ya matsa aka ba hukumar FBI mako guda ta yi bincike, binciken ya ƙare ba tare da an yi wa Ford ko Kavanaugh tambaya ba. Ɓangare ɗaya yana son a ja lokaci har zaɓen tsakiyar wa'adi ya wuce, ɗayan yana son a gama kafin ya zo. Tsakaninsu babu wanda babban burinsa shi ne a san gaskiya. Zargi irin wannan ya cancanci bincike cikin natsuwa a hannun waɗanda ba su da ƙuri'ar da za su kaɗa, tun kafin a kunna kyamara. Kuma ma'aunin ba na kotun laifi ba ne, tunda ba kurkuku za a kai mutum ba, aiki yake nema. Amma mai neman aiki ma yana da mutuncin da bai kamata a yi cacar siyasa da shi ba, haka ita ma mai ƙorafin.

Batun kalanda kuwa babu wani ruɗani a cikinsa. Scalia ya rasu ranar 13 ga Fabrairun 2016, saura kusan wata tara a yi zaɓe. A daren nan shugaban masu rinjaye Mitch McConnell, ɗan Republican, ya ce ba za a cike gurbin ba sai sabon shugaban ƙasa ya zo, a bar jama'a su yanke. Barack Obama ya miƙa sunan Merrick Garland, ɗan shekara 63, mai matsakaicin ra'ayi, wanda a 1997 sanatoci 76 suka amince da shi a kotun ɗaukaka ƙara. Kwana 293 sunansa yana ajiye, ba zama, ba ƙuri'a. Sanata Lindsey Graham, ɗan Republican, har cewa ya yi a adana kalamansa, in irin haka ta faru a shekarar ƙarshe ta shugaba ɗan Republican a yi amfani da su a kansa. Ginsburg ta rasu ranar 18 ga Satumban 2020. Aka tabbatar da Barrett ranar 26 ga Oktoba, saura kwana takwas zaɓe, miliyoyin mutane sun riga sun kaɗa ƙuri'a. Graham ne ya shugabanci kwamitin.

McConnell yana da hujjarsa, kuma ya kamata a faɗe ta: a 2016 majalisa da fadar shugaban ƙasa suna hannun jam'iyyu daban-daban, a 2020 kuwa suna hannu ɗaya. Sun kuma tono jawabin da Biden ya yi a 1992 yana cewa in gurbi ya samu ana tsakiyar yaƙin zaɓe a dakata. Duk na ji. Amma in ka tuɓe wa hujjar riga, abin da ya rage shi ne muna da ƙuri'u, za mu yi abin da muke so. Da haka ya faɗa tun farko da na fi ganin girmansa. Kayar da mutum a zaure, kamar yadda aka yi wa Bork, kowane sanata sunansa yana rubuce, masu zaɓensa za su iya tuhumarsa. Hana ƙuri'ar baki ɗaya kuwa yana ba sanatoci damar su yi aikin ba tare da sun ɗauki nauyinsa ba. Wannan ya sa nake ganin abin da aka yi wa Garland ya fi kowanne ɓarna.

'Yan Democrat ma hannunsu ba a wanke yake ba. A da, tsiraru suna iya riƙe muhawara su hana ƙuri'a sai an tara sanata 60. A Nuwamban 2013 Harry Reid, shugaban masu rinjaye ɗan Democrat, da ya gaji da yadda ake toshe wa Obama naɗe-naɗe, ya soke wannan sharaɗi a kan alƙalan ƙananan kotuna da manyan jami'an gwamnati. An gargaɗe shi a lokacin cewa rinjaye ba ya dawwama. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A Afrilun 2017 McConnell ya faɗaɗa sokewar zuwa Kotun Ƙoli don Neil Gorsuch ya wuce, ya kuwa wuce 54 da 45. Daga ranar shugaban ƙasar da jam'iyyarsa ke riƙe da majalisa ba ya buƙatar ya nemi wanda 'yan adawa za su iya haɗiyewa.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya sa mutane masu hankali suke zubar da girmansu a wannan fage shi ne girman abin da ake takara a kai. Kujerun tara ne tun 1869, kuma wanda ya hau ba ya sauka sai ya ga dama ko mutuwa ta zo. William Douglas ya yi shekara 36. Thomas ya hau yana ɗan shekara 43, ya haura shekara 30 a kai. Barrett ta hau tana 48, Gorsuch yana 49. Shugabanni sun gane cewa ƙuruciya ma cancanta ce. Rabon kuma na sa'a ne: Jimmy Carter ya yi shekara huɗu bai naɗa ko ɗaya ba, Trump a wa'adinsa na farko ya naɗa uku. Ƙara da cewa majalisar dokoki ta daɗe da kasa warware manyan batutuwa, gyaran tsarin mulki kuma ya zama kamar ba zai yiwu ba, sai komai ya tattara ya koma kotu: wanda ya ci zaɓen 2000, kuɗin yaƙin neman zaɓe a 2010, dokar kare 'yancin zaɓe a 2013, auren jinsi a 2015. Sanatan da ya san ƙuri'a ɗaya za ta yi tasiri shekara 30 a kan waɗannan, wa'azin ladabi ba zai hana shi faɗa ba.

Don haka gyaran da nake goyon baya shi ne a rage girman kujerar. Shawarar da ta fi yawo ita ce wa'adin shekara 18 ba sabuntawa, a jera su yadda gurbi zai riƙa samuwa duk shekara biyu, kowane shugaba ya naɗa biyu a wa'adi guda. Biden ya rungume ta a Yulin 2024, a ƙurarren lokaci. Da wannan, babu mai zaman jiran mutuwar tsoho, babu alƙalin da zai riƙa lissafin ranar ritayarsa da wanda ke mulki, kuma jam'iyyar da ta rasa kujera ta san wata na tafe. Ba sabon abu ba ne. Kotun Tsarin Mulkin Jamus da ke Karlsruhe tana da alƙalai 16, kowanne shekara 12 sau ɗaya, kuma sai da kashi biyu cikin uku na ƙuri'u ake zaɓensa, abin da ke tilasta wa jam'iyyu su daidaita. Ko a can ma ba a tsira ba: a 2025 an ɗage ƙuri'a a kan Frauke Brosius-Gersdorf, wadda aka miƙa sunanta don kujerar kotun, saboda 'yan ra'ayin riƙau sun ƙi matsayinta a kan zubar da ciki, daga baya ta janye. Amma rikicin makonni ya ɗauka, aka kawo wata, kotun ta ci gaba da aiki. Matsalar Amurka ita ce masana sun rabu kan ko doka kawai za ta iya kawo wa'adin ko sai an gyara tsarin mulki, kuma jam'iyyar da ke da shida cikin tara ba ta da dalilin yarda. Ƙara yawan kujeru kuwa, wanda wasu ke kira a yi, Shugaba Franklin Roosevelt ya gwada a 1937 jam'iyyarsa ma ta ƙi shi, kuma duk wanda ya ƙara huɗu yau za a ƙara masa shida gobe.

Akwai abu biyu da ba sa jiran gyaran tsarin mulki. Majalisa tana iya sa wa kanta ƙa'ida cewa duk sunan da aka miƙa sai an kaɗa masa ƙuri'a cikin ƙayyadadden lokaci, ko wata uku ne ko huɗu, ko wace shekara ce. Sannan sanatoci su daina ɓuya a bayan kalmar cancanta. Duk mutanen nan sun cancanta a takarda, sun fito daga manyan makarantu, sun yi alƙalanci ko koyarwa. Sanata ya miƙe ya ce na karanta hukunce-hukuncenta, fahimtarta ta saɓa da abin da jama'ar jihata suka aiko ni in kare, don haka na ƙi. Wanda kuma ya zo ya ƙi bayyana yadda yake tunani, a ɗauki shirun nasa a matsayin dalilin ƙi. Za a ce hakan zai mai da alƙali ɗan takara mai yin alkawari. Akwai haɗarin, shi ya sa ba a neman ya faɗi yadda zai yanke shari'ar da ba ta zo ba. Amma tambayarsa ko hukuncin da aka yanke shekara 50 da suka wuce daidai ne, da dalilinsa, tambaya ce da kowane ɗalibin shari'a ke amsawa a jarrabawa.

Rabon da majalisar da ke hannun 'yan adawa ta tabbatar wa shugaban ƙasa alƙalin Kotun Ƙoli tun Thomas a 1991, lokacin da 'yan Democrat 11 suka ba shi ƙuri'a. Sau ɗaya aka sake gwadawa tun daga nan, shi ne na Garland. A 2021 McConnell ya ce da wuya ya bar Biden ya cike gurbi a 2024 in rinjaye ya dawo hannunsu, da aka tambaye shi 2023 kuma ya ce sai an gani. Babu wata doka a yau da ta hana majalisa barin kujera babu kowa shekara biyu, ko ma huɗu, kuma 'yan Democrat sun ga yadda ake yi.